Mai Inshora a Ƙofar Gidan Makoki

Ranar da na karɓi lasisin sayar da inshorar rai, dangi suka yanka kaji biyu aka yi mini shagali. Kafin wata biyu ya cika, babu mai ɗaga wayata a cikinsu.

Laifin Oga Renante ne, manajanmu, wani gajere mai fesa turare kamar kyauta ake ba shi. A makon horo ya raba mana farar takarda, ya ce kowa ya rubuta sunan mutum ɗari da ya sani, wai su ne gonar da za mu fara nomawa. Na duƙufa na rubuta, har da malamar da ta koya mini lissafi a firamare da mutumin da ya taɓa cire mini haƙori. Ashe jerin waɗanda za su daina gaisawa da ni nake haɗawa da hannuna.

Mutanen garinmu Cabanatuan, a ƙasar Filifin, suna son hira, suna son baƙo, amma ba sa son a zauna a falonsu a ce musu, "idan wani abu ya same ka." Da an faɗi haka sai maigida ya ƙwanƙwasa katakon kujera sau uku don kore mugun baki, matar gida kuma ta tuna ta bar tukunya a wuta, ba za ta sake fitowa ba. Goggona Tiya Mameng, mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, ta hango ni tafe da jaka, ta shige akurkin kaji ta ja ƙofa. Ina tsaye ina kallon silifas ɗinta ta ƙasan ƙofar, jikarta tana rantse mini cewa ta tafi Manila. A coci ma, in aka zo wurin da fada ke cewa kowa ya gaisa da na kusa da shi, sai in waiga in ga benci wayam. Har suna aka laƙaba mini a gari, Sakatariyar Mutuwa. Sunana na gaskiya kuwa, Soling, sai a katin aiki nake ganinsa.

Gida ɗaya ne ban rubuta a takardar Oga Renante ba, gidan ƙawata Luningning, wadda muke kira Ning. Tun aji uku na firamare muke tare, kuma ni na tsaya wa 'yarta ta fari, Charito, a wurin baftisma, shi ya sa ni da ita muke kiran juna Mare, mijinta Densyo kuma Pare nake ce masa. Ban yi aure ba, ɗaki ɗaya nake haya a saman wani kemis. Kowace Lahadi in an tashi daga coci gidansu nake wucewa, in zauna a kujerar da ke kusa da fanka, Ning ta zubo shinkafa da miyar tsamiya mai haƙarƙarin alade, yara uku suna faɗa a kan ƙashi. Nan ne kaɗai a duk garin nake shiga mutane su ci gaba da maganar da suke yi. Na riga na ga yadda abin ke kasancewa: da mutum ya sa hannu a fom ɗinki kin tashi daga ƙawa, duk sanda ya gan ki kabarinsa yake tunawa. Don haka na rantse wa kaina, ko yunwa za ta kashe ni ba zan buɗe jaka a gidan nan ba.

Yunwar kuwa ta kusa yin aikinta. A wata na shida Oga Renante ya kira ni ofis, ya ce in ban kawo ko mutum ɗaya ba kafin ƙarshen wata, in ajiye masa katinsa. A makon ne wani maƙwabcinmu ya rasu, aka ajiye shi a gidan makokin da ke titin asibiti, mai ɗakuna huɗu na haya. Na je na leƙa gilashin akwati, na sha kofi, na ci biskit, na kalli masu karta, na fito. To babu mai fitowa daga makoki ya miƙe gida, sai dai in yana son mamaci ya raka shi har gado. Dole ka yi pagpag, ka ratse wani wuri ka zauna, ka sayi ko lemo ne, har kurwar ta gaji da jira ta bi wani. Wurin ratsewa mafi kusa kuwa shagon Aling Pasing ne, a tsallaken titi, mai teburi shida da firji ɗaya.

Ina zaune ina juya taliya da cokali sai na ji wani ƙato a teburin baya yana gaya wa matarsa cewa shi da marigayin shekarunsu ɗaya, ranar Juma'a ma sun buga ƙwallon kwando tare. Matar ta ce ai ta sha gaya masa. Na ajiye cokali. Wata shida ina bin mutane gida gida ina roƙonsu su tuna za su mutu, ga shi nan an tuna musu kyauta, an kuma tilasta musu zaman minti ashirin ba halin tashi. Kafin ƙaton ya shanye lemonsa ya sa hannu.

Washegari na shirya da Aling Pasing. Teburin lungu na kusa da firji ya zama nawa, ni kuma zan riƙa cin taliyarta kullum ba tare da na faɗi gaskiya a kanta ba. Tsohuwa ce mai ido, ita ke leƙa allon ƙofar gidan makoki da safe ta kawo mini rahoto. Da sannu na gane ba kowace gawa ke ciniki ba. Tsoho ɗan casa'in ba shi da wani amfani, masu makokinsa fitowa suke yi suna dariya suna maganar gona. Na haɗarin mota ma haka, kowa cewa yake yi ai shi ba ya gudu. Gawar kirki ita ce namiji ɗan arba'in da wani abu, mai ƙiba, wanda ya ci abincin rana lafiya lau ya yanke jiki ya faɗi. In aka samu irin wannan, Aling Pasing takan ƙara shinkafa, ni kuma in ƙaro fom.

Ba na fara magana. Sai mutum ya yi kurɓa biyu, ya koma kallon titi, sannan in tambaya a hankali ko marigayin ya bar yara. Shi ke nan, sauran aikin matarsa ce ke yi mini. Cikin shekara biyu hotona ya hau bangon ofis. Oga Renante ya tsayar da ni gaban sababbin ɗauka ya ce in gaya musu sirrina, na ce addu'a ce da tashi da wuri, suka rubuta a littafi.

Kada kuma a ɗauka aikin banza nake yi. Cikin waɗanda suka sa hannu a teburin nan akwai waɗanda suka koma tsallaken titi a kwance, kuma ni da kaina na bi takardunsu har aka biya iyalansu. Matan sun rungume ni, sun jiƙa mini kafaɗa da hawaye, sun sa mini albarka. Amma ko ɗaya a cikinsu ba ta taɓa kirana bikin suna ba.

Densyo kaɗai ke tsokanata da abin ido da ido, kuma daga bakinsa ba ya yi mini zafi. Makaniken baburan haya ne, masu ƙafa uku, waɗanda suka kusa fin mutane yawa a garinmu. Ƙato ne, wuyansa ya haɗe da kafaɗa, ba ya cin nama sai mai kitse, in ya kama makirufo yana waƙa sai karnukan unguwa sun amsa. Da na shigo zai ɗaga cokali.

"Mare, wa ya mutu wannan makon, in taya ki murna?"

In ce masa kasuwa ta yi sanyi, kowa ya ƙi mutuwa, ko zai taimaka. Ning ta zage mu duka biyun, ta yi alamar gicciye, a ci gaba da cin abinci.

Wata Lahadi a watan Maris, Ning ta shiga kicin ɗauko ayaba, yara sun fita, sai na ga Densyo ya matso da kujerarsa. Ya yi ƙasa da murya, abin da ban taɓa sanin ya iya ba. Ya ce kwanan baya jiri ya ɗebe shi a gareji, ya je asibiti aka ce jininsa ya hau. Yana magana yana murza gefen faranti da babban yatsa.

"Wannan abin naku," ya ce, "mai hawan jini yana shiga?"

Yana shiga mana. Likita zai duba shi, a ɗan ƙara masa kuɗi, an gama; na yi wa irinsa sun fi talatin. Da wata wakiliya ce mai hankali, da ta tsallake tebur ta danƙa masa biro. Ni kuwa fanka na kalla, na kalli kwanon miya, tsoro ya kama ni. Na hango kaina ina shigowa mako mai zuwa hira ta tsaya cak.

"Haba Pare, yau fa Lahadi ce," na ce ina dariya. "Ko Mutuwa tana ba sakatariyarta hutu. Bari Litinin, zan zo gareji."

Shi ma ya yi dariya, Ning ta dawo da ayaba. Litinin ban je ba. Bayan wata ɗaya, yana mayar da ni gida a kan babur, ya sake tambaya ba tare da ya waigo ba. Na ce fom ya ƙare a ofis, ana jiran a kawo daga Manila. Jakar da ke kan cinyata kuwa guda arba'in ne a cikinta. Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, ya koma tsokanarsa, ni kuma in faɗi gaskiya daɗi na ji.

Wata Laraba a watan Oktoba, da hantsi, ya shiga ƙarƙashin wani babur da sifana a hannu, bai fito ba. Shekarunsa arba'in da bakwai.

A ɗaki na biyu aka ajiye shi, daidai saitin teburina. Aling Pasing ta tsallako ta yi gaisuwa, ta yi kuka na gaske, sannan ta ja ni gefe ta ce Allah ya yafe mata, amma ta aika a ƙaro buhun shinkafa. Ta san abin da take yi. Babu mai baburin haya a Cabanatuan da Densyo bai taɓa yi wa gyara ba, kuma rabinsu ƙibarsu ɗaya da shi. Kwana biyar titin asibiti yana cushe.

Na ce mata ni kam na rufe kasuwa. Na ɗauki butar kofi ina zagaya baƙi, ina raba biskit, ina nuna wa tsofaffi wurin zama. Ning tana kusa da akwatin, ba ta cika magana ba, in na miƙa mata ruwa ta karɓa ba ta ɗago ba. Na ce baƙin ciki ne. Na kuma riƙa gaya wa kaina cewa maganar nan tsakanina da Densyo ce, shi kuwa ga shi kwance da hoda a fuska, ba zai faɗa wa kowa ba.

Amma ai ni ma mutum ce, da yamma in na fito dole in yi pagpag, kuma ba zan tafi wani shago in ci amanar Aling Pasing ba. Ina zama suke yanyame ni. Mutanen da shekara shida suke ƙara wuta in sun hango ni a bakin titi, yau su ne ke ja mini kujera. Ranar farko na kore su. Rana ta biyu na ce su ji tsoron Allah. Rana ta uku wani mai suna Kulas ya zura hannu a jakata ya zaro fom da kansa, na kawar da kai. Abin da ya kawo jakar wurin makoki, kada ma a tambaye ni. Kafin a kai Densyo maƙabarta mutum goma sha ɗaya sun sa hannu.

Bayan jana'iza labarai suka fara iso ni ta bakin wasu. An sayar da kayan gareji. Charito, wadda saura mata shekara ɗaya ta gama makarantar nas, ta ajiye karatu, ana nema mata aikin gida a ƙasar waje. Na san sarai abin da fom ɗaya zai iya hanawa, aikina ne in sani, kuma sanin ya hana ni cin abinci kwana biyu. Duk da haka kunya ba ta hana ni goge rigar coci ba.

Lahadi ta farko na tarar da ƙofa a rufe, maƙwabciya ta ce sun tafi ƙauye wurin mahaifiyar Ning. Ta biyu ma a rufe, amma ga takalma a bakin ƙofa, ga ƙamshin tsamiya. Na ƙwanƙwasa, na sake ƙwanƙwasawa. Shekara shida ina wannan aiki, na san shirun gidan da ake riƙe numfashi a cikinsa. Na tsaya har ƙafata ta gaji, na koma ɗakina na dafa ƙwai.

Ran Talata da la'asar ina teburina, kasuwa ba daɗi, wata tsohuwa ce 'yar tamanin a ɗaki na ɗaya. Sai na hango Ning ta fito daga ofishin gidan makoki sanye da baƙi, ambulan ɗin takardu a hannu. Ta tsaya a bakin titi. Na san dole ta ratse wani wuri, na kuma zaci za ta tare babur ta yi ratsenta a kasuwa. Sai ta tsallako. Ta sayi lemo, ta wuce teburi biyar da ba kowa, ta ja kujerar da ke gabana. Aling Pasing ta kashe rediyo, ta hau goge firjin da ba shi da datti.

"Mare," na ce.

"Ke ce mai inshorar ko, Madam? Fom nake so."

Na fara cewa ba yau ba, ta bari ta huta, zan zo gida mu yi magana. Ta ce ta ji, amma ita ba ta da Litinin ɗin jira. Ta buɗe lemonta ta kurɓa, sannan ta yi magana a hankali, ba faɗa, kamar tana gaya mini farashin kifi. Ta ce bangon kicin ɗinta falanki ne, ko tari aka yi a falo tana ji. Ta ce ita ta tura shi. Mako uku tana fama da shi yana cewa kunya yake ji, kada Mare ta ga an kawo mata aiki wurin hutawarta. Da ƙyar ya yarda, shi ya sa ta tashi ɗauko ayabar da ba wanda ya nema.

"Litinin ɗin nan wanka ya yi, ya sa rigarsa ta coci," ta ce. "Bai taɓa ko ƙusa ba, wai kada ya ɓata miki takarda da baƙin mai. Har ƙarfe biyu yana zaune a kan benci."

Na ce mata tsoro na ji. Na ce gidansu kaɗai ya rage mini, ban so in rasa su ba. Ina faɗa ina kuka, irin kukan nan mai majina, a gaban Aling Pasing da firjinta. Ning ta jira na gama, ta turo mini takardar goge hannu.

"Na sani," ta ce. "Kina son miyata. An ce ma Densyo ya yi miki ciniki, goma sha ɗaya ko? To ga ta goma sha biyu. Yara uku gare ni, ni kaɗai na rage musu. Ki rubuta."

Na zaro fom. Ƙa'ida ce wakili ya karanta kowace tambaya a fili, mai nema ya amsa da bakinsa, ni kuwa ban taɓa bin ƙa'idar nan ba sai ranar. Na tambaye ta cikakken sunanta, ta faɗa har da jera mini haruffa. Na tambayi ranar haihuwarta, ranar da ni ke kai mata kek kowace shekara. Na tambayi adireshi. Na tambaya ko an taɓa yi mata tiyata, ta ce sau ɗaya, wajen haihuwar auta, ba ta ambaci wadda ta riƙe mata hannu ba. Da na zo wurin aure na kasa karantawa, ta ce in duba layi na uku, akwai gurbin wadda mijinta ya rasu.

A shafin ƙarshe akwai ɗan sashen da wakili ke cikewa shi kaɗai, don kamfani yana son sanin yadda aka samo mai neman. Ana tambayar shekara nawa da saninsa, sai akwatuna huɗu: ɗan'uwa, aboki, wanda aka turo, wanda ya zo da kansa. Ba a nuna wa kowa wannan shafin. Na rubuta talatin da takwas, na yi maki a akwati na biyu, na kai hannu zan rufe. Ning ta dafe takardar, ta juyo da ita wajenta, ta karanta a tsanake.

"Shekarun daidai ne," ta ce. Ta ɗora yatsa a kan akwati na huɗu. "Da ƙafata na zo."

Na soke na biyun, na yi maki a na huɗu. Duk gyaran da aka yi a fom sai mutum biyu sun sa hannu a gefensa, na sa nawa, ta karɓi biro ta sa nata. Ta tambaya ko akwai sauran wani abu, na ce babu. Ta shanye lemonta, ta kwashi takardunta, ta fita ta tare babur.